Gatarin Duluth

A garinmu ubana Tanimu masassaƙi ne.
Gatari daban, gizago daban,
adda na rataye a jikin rumbu,
barandamin kakansa a ƙarƙashin gado, ba mai taɓawa.
Kowane ƙarfe da sunansa da aikinsa.
Ka kira wani da sunan wani, ka sha rankwashi.

Nan Duluth, bakin tafkin da ba a ganin ƙarshensa,
Orval, tsohon da muke katanga ɗaya,
ya jera mini biyu a kan kututture.
Wannan mai doguwar ƙota, in ji shi, aks,
hannu biyu yake ci.
Ƙaramin nan hacet, na faskaren ƙirare,
hannu ɗaya ya ishe shi.
Na maimaita, numfashina na fita fari kamar hayaƙi.
Na ce a raina, ashe Turancin ba wuya.

Ban san komai ba tukuna.

'Yata Barmani ta tare ni a bakin kanti:
Baba, ka daina ba ni kunya.
Kana so ka ce za ka tambayi matar,
sai ka ce za ka sa mata gatari.
Haruffa biyu ne suka yi musayar wuri,
tambaya ta zama makami a bakina.
Na yi dariya har da tari.
Can na tuna tambayoyin ofishin shige da fice,
dariyar ta koma ciki.

Wata Juma'a a masana'antar takarda,
inda gungume ke shiga ya fito fari fat
ba tare da tafin mutum ya ji kaushin ɓawonsa ba,
sai raɗe-raɗi: aks ya iso.
Ni ɗan masassaƙi na yi ta duban hannun manaja.
Babu ƙota, babu kaifi.
Ambulan ce, da sunana a rubuce ba daidai ba.
Mu talatin da bakwai aka sare ranar,
ba jini, ba ƙara,
ko tsinke bai faɗi ƙasa ba.
Ubana kan yi bisimilla kafin ya sari icce.
Wannan ko kai bai ɗaga ba.

Wata biyu ba ma gaisawa da Orval
kan ƙanƙarar da injinsa ke watso mini ƙofa.
Da labari ya kai masa, ya ƙwanƙwasa da magariba,
hula a hannu, kunnuwa jawur,
ya ce mu binne hacet.
Barmani ta raɗa mini, sulhu yake nufi.
Na ce, gaya masa ƙasa ta daskare,
ba ta haƙuwa sai watan biyar.
Kuma a gidanmu ba a binne ƙarfe mai kyau,
wasa shi ake yi.

Ya kawo dutsen washi, na ɗora shayi.

Washegari muka faɗa wa tulin iccen bayan gidansa,
shi da dogon, ni da ƙaramin,
da kafaɗarsa ta gaji muka yi musaya.
Ya ga ina neman tsagin icce da yatsa kafin in sauke,
ya ce, wa ya koya maka?
Na ce, wani mutum a Gumel,
mai cewa sara da sassaƙa ba ya hana gamji toho.
Barmani ta juya maganar, ta sake juyawa,
ta rasa abin da za ta kira gamji.
Orval ya ɗaga kafaɗa.
Ya ce akwai gida shida a layin nan masu murhun icce,
duk tsofaffi, duk bayansu ya ƙi.
Dala arba'in kowace mota, in ina so.

Ya ɗora wani gungumen a kan kututture,
ya ja da baya.